Nazarin Lamari: Yadda Wani Ɗakin Bincike a Kebbi Ya Sha Fama Kafin Bakteriyar Ƙasa Ta Shigar da Ƙwayar Gado Cikin Barkono

Mafari: noman rani, Nuwamba zuwa Janairu

A fadamun Jega da Aliero da Birnin Kebbi albasa ce ke kan gaba a noman rani, amma da wuya ka ga mai injin ban ruwa bai ware wa barkono, tattasai ko attaruhu wani yanki ba. Kukan da manoman wani ƙauye suka kai wa wata babbar makaranta a jihar iri ɗaya ne: makonni kaɗan bayan dashe ganye ya yi dabbare-dabbare, ya motse, shukar ta tsumbure, 'ya'yan su fito ƙanana a karkace. Sun yi feshi har sun gaji, babu sauyi.

Alamomin sun yi daidai da na cututtukan bairos da darɓa ke yaɗawa, musamman PVMV mai kama barkono, wanda aka fara bayyana shi a Gana a 1971, da CMV mai kama kokwamba da danginta. Darɓa kan ɗauki bairos ɗin a bakinta cikin daƙiƙoƙi, ta zuba shi a shuka ta gaba cikin daƙiƙoƙi. Kafin maganin feshi ya kashe ta, ta riga ta gama ɓarna.

Makarantar tana da ƙaramin ɗakin renon tsirrai a kwalba, da malami ɗaya, da ɗaliba mai neman digiri na biyu, da ma'aikaci mai kula da kayan aiki. Suka ƙuduri aniyar samar da barkono mai jure bairos. Tun 1986 aka nuna a jikin taba cewa idan aka dasa wa shuka ƙwayar gadon da ke ƙera rigar bairos, shukar kan jure wannan bairos ɗin. Kafin a kai can, sai an tabbatar ana iya shigar da kowace irin ƙwayar gado cikin barkonon yankin. Saboda haka matakin farko ya tsaya kan ƙwayoyin shaida biyu: nptII, mai sa tsiro ya jure maganin kanamaisin da ke kashe tsiron da ba shi da ita, da gus, mai rina nama shuɗi idan an jiƙa shi a sinadarin gwaji.

Bakteriyar da izini: Fabrairu

Agrobacterium tumefaciens, bakteriyar da ake amfani da ita wajen shigar da ƙwayar gado cikin shuka, a ƙasa take zaune. Idan shuka ta ji rauni a gindi sai ta manne a wurin, ƙullutu ya fito. A 1907 aka gano a Amurka cewa ita ce sanadin ƙullutun. A 1977 Mary-Dell Chilton da abokan aikinta suka nuna cewa bakteriyar tana aika wani guntun DNA, wanda ake kira T-DNA, daga wani zoben DNA da take ɗauke da shi zuwa cikin DNA na shukar, ya zauna daram. Masana suka kwashe ƙwayoyin gadon da ke haddasa ƙullutu, suka bar iyakokin guntun biyu, dama da hagu. Duk abin da aka sa tsakanin iyakokin nan, bakteriyar za ta kai shi. Zuwa 1983 an yi nasarar haka a taba. Waken SAMPEA 20-T na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, mai jure tsutsar da ke cin fure da kwanso, wanda aka amince da shi a 2019, da wannan bakteriyar aka shigar masa da ƙwayar gadonsa.

Aiki irin wannan a Nijeriya yana ƙarƙashin NBMA, hukumar da ke sa ido kan halittun da aka sauya wa ƙwayar gado, wadda dokar 2015 ta kafa. Ko a cikin ɗaki rufaffe ake yi, sai da izini, kuma sai makaranta tana da kwamitin da ke sa ido. An nemi izinin kafin a taɓa faranti ko ɗaya. Sharaɗin yau da kullum shi ne duk faranti da ganye da ruwan wanki da suka haɗu da bakteriyar sai an turara su a tukunyar matsi, digiri 121 na tsawon minti 20 ko fiye, kafin a zubar.

Gwaji na farko: Maris zuwa Mayu

An sayo irin shambo a kasuwa. Aka jiƙa shi minti 1 a itanol mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari, sannan minti 15 a ruwan bilic da aka tsarma, aka ɗauraye sau 5 da ruwan da aka turara. Aka shuka a abincin MS, wato haɗin gishirin da Murashige da Skoog suka tsara a 1962, da sukari giram 30 da agar, garin da ke daskarar da abincin, giram 8 a kowace lita, ma'aunin tsami (pH) 5.8. A kwana 12 aka yanke ganyayyaki biyu na farko da irin ya fitar.

Nau'in Agrobacterium da aka samu shi ne LBA4404 mai ɗauke da zoben pBI121, wanda nptII da gus ke cikinsa. An bar ta ta yi kauri har ma'aunin duhun ruwa ya kai 1.0, aka tsoma guntayen ganye minti 30, aka jera su a faranti, aka rufe a kabad kwana 4.

Abu biyu suka faru. Bakteriyar ta malale guntayen da yauƙi fari-fari, bakin yankan ya koma ruwan ƙasa, cikin mako biyu mafi yawansu sun ruɓe. Wasu da aka ɗebo a kwana na biyar aka kwana da su a ruwan X-Gluc, sinadarin gwajin gus, a digiri 37, aka cire koren da itanol, sai ga shuɗi ya game bakin yanka. An rubuta haka a littafin aiki a matsayin nasara.

A watan Mayu aka samu wani zobe, pCAMBIA2301, a cikin wani nau'in bakteriyar, EHA105. Ƙwayar gus ta wannan zoben tana da wani tsaiko a tsakiyarta wanda shuka ce kaɗai ke iya cire shi, bakteriya ba ta iyawa. Ta pBI121 ba ta da shi, shi ya sa bakteriyar da ta maƙale a ganye kan iya ba da shuɗi da kanta. Da aka maimaita aikin da sabon zoben, ko ɗigon shuɗi ba a gani ba. Ashe shuɗin baya na bakteriya ne.

Sai aka rataya ma'aunin zafi mai riƙe mafi yawa da mafi ƙaranci a cikin kabad ɗin. Duk yammacin da wuta ta ɗauke, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, zafin ciki yana haura digiri 34. Ba abin mamaki ba ne a garin da bazara ke wuce digiri 40 a waje. Bakteriyar ta fi girma a digiri 28, amma aika T-DNA ya fi tafiya wajen digiri 22, kuma daga 30 zuwa sama yana durƙushewa. Furotin ɗin da ke jin ƙamshin rauni ya tayar da aikin yakan daina aiki a digiri 32. Ke nan a wannan kabad ɗin bakteriyar tana ta hayayyafa tana cin ganye, ba ta aika komai.

Damina: an jingine bakteriya, Yuni zuwa Oktoba

A nan aka sauya tsarin aikin. Aka ajiye bakteriyar a firji mai daskarewa, aka koma kan tambayar da aka tsallake: guntun ganyen barkonon nan zai iya zama cikakkiyar shuka a kwalba, ko da babu bakteriya?

Taba da tumatir, 'yan uwan barkono, suna yin haka cikin sauƙi. Barkono kuwa ya yi suna wajen taurin kai. An samu nasarar shigar da ƙwayar gado a irin Pusa Jwala na Indiya a 1998, amma hanyar da ta yi wa iri ɗaya aiki sau da yawa ba ta yi wa wani, kuma a rahotanni da dama guntayen da ke zama shukar da ta karɓi baƙuwar ƙwaya ba su kai ɗaya cikin ɗari ba.

An gwada iri huɗu: shambo, tattasai, ƙaramin barkono da attaruhu. Abincin ya ƙunshi MS da sinadaran girma biyu, BAP miligiram 5 da IAA miligiram 1 a lita. Ana yanke ganyen farko tare da ɗan wuyansa, a kwantar da bayan ganyen a kan abincin, guntaye 10 a faranti, haske awa 16 a rana. Cikin mako 3 toho ya cika bakin yankan da ke wajen wuya, a shambo da tattasai. Attaruhu ƙullutun nama kawai ya yi, ya tsaya nan.

Sai matsalar da kowa ya sani da barkono ta bayyana. Tohon ya taru cunkus, ganyayyaki ƙanana masu kauri suna fitowa kan juna, babu kara, babu kan da zai miƙe. Da aka duba a madubin ƙara girma, da yawansu ganye ne zalla marasa idon girma. Irin waɗannan ko shekara suka yi a kwalba ba za su zama shuka ba.

Gyara uku aka yi, ɗaya bayan ɗaya, don a san wanne ya yi tasiri. Na farko, da toho ya fito sai a mayar da guntun abincin da aka rage wa BAP zuwa miligiram 1, aka ƙara GA3 miligiram 2, sinadarin da ke sa kara ya miƙe. Wannan ya taimaka kaɗan. Na biyu, aka daina naɗe bakin faranti da leda mai toshe iska, aka koma filastar asibiti ta takarda mai barin iska ta wuce. Naman barkono da aka yanka yana fitar da iskar itilin, wadda idan ta taru tana hana toho miƙewa, tana sa ganye zubewa. Na uku, aka sa silba naitiret miligiram 5 a lita, domin azurfa tana toshe wurin da itilin ke kamawa a jikin shuka. Da aka haɗa ukun, shambo ya fara fitar da kara mai tsawon santimita 2 zuwa 3 cikin mako 5 zuwa 6. Tattasai ya bi baya da rauni. Aka tsaya kan shambo.

Silba naitiret yana da ladubbansa. Haske yana lalata shi, don haka a kwalba mai duhu ake ajiye shi. Ba a dafa shi da abincin. Ana tace shi da matata mai ƙofar maikuron 0.22, a zuba bayan abincin ya huce zuwa wajen digiri 50, lokacin da hannu ke iya riƙe kwalbar. GA3 ma haka. Da ruwan famfo ko na rijiya yakan yi fari ya kwanta, sai da tataccen ruwa.

Damina ta kawo fumfuna. An rage ta da goge akwatin iska mai tsabta da itanol, da kunna shi minti 20 kafin aiki, da hana shiga ɗakin da takalman waje. Akwai kuma wata matsala da ba ta fumfuna ba: faranti biyu masu abinci ɗaya suna ba da sakamako daban, domin irin kasuwa gauraye ne. An riga an shuka wasu gindi a ɗakin raga tun farkon damina, sai aka zaɓi guda ɗaya mai lafiya, aka rufe furanninsa da 'yar jaka don kada ƙwari su kawo baƙon gari. Daga Oktoba irinsa kaɗai ake amfani da shi.

Aikin ƙarshe na wannan zango shi ne auna ƙarfin kanamaisin. Guntayen da ba su ga bakteriya ba aka jera a miligiram 0, 25, 50, 75 da 100 a lita. A 50 wasu sun ci gaba da fitar da koren toho. A 75 duk sun yi fari cikin mako 4. Aka zaɓi 75.

Gwaji na biyu: Disamba zuwa Janairu

Hunturu aka jira da gangan. Daren Disamba a Birnin Kebbi yakan sauka ƙasa da digiri 20, kuma ƙaramar na'urar reno da aka haɗa da batir da sola ta iya riƙe digiri 22 zuwa 24 ba tare da wahala ba.

An yanke ganyen farko a kwana 10 zuwa 12, aka bar shi kwana 2 a abinci kafin ya haɗu da bakteriya, don ƙwayoyin naman bakin yanka su fara rarrabuwa. EHA105 ta kwana tana kaɗawa a digiri 28 cikin romon LB, abincin bakteriya, mai rifamfisin miligiram 25 da kanamaisin miligiram 50 a lita, magungunan da ke hana baƙin bakteriya tasowa. Da safe aka tace ta da injin juyawa, aka zubar da romon gaba ɗaya, aka sake dama ta a ruwan MS mai tsami 5.5, da asetosiringon maikuromola 100. Wannan sinadarin kwaikwayon abin da raunin shuka ke fitarwa ne, shi ke tayar da bakteriyar ta shirya aika T-DNA, kuma ya fi aiki a ruwa mai ɗan tsami. An tsarma har duhun ruwan ya dawo 0.4, aka bar shi awa 2.

Tsomawa minti 10 ce. Aka tsane guntayen a takardar tacewa da aka turara, aka shimfiɗa wata takardar a kan abinci, aka jera su a kai. Takardar tana rage damshin da bakteriya ke malala a cikinsa. Awa 48 a duhu, ba a ƙara ko yini ba. Sannan aka wanke su a ruwa mai sefotaksim, maganin kashe bakteriyar, miligiram 500 a lita.

Kanamaisin ba ya kashe wannan bakteriyar, domin zoben da take ɗauke da shi yana kare ta. Sefotaksim ne kaɗai katanga. Na allura da ake sayarwa a shagon magani, giram 1 a kwalba, ya wadatar: a narka shi a mililita 4 na tataccen ruwa, a raba ƙanana-ƙanana a daskarar. Wanda ya narke ya sake daskarewa saboda ɗaukewar wuta ƙarfinsa yana raguwa, haka ma faranti da ya kwana biyu a haske da ɗumi.

A kwana na biyar gwajin shuɗi ya nuna ɗigo-ɗigo ƙanana a bakin yanka, a guntaye da dama. Da zoben pCAMBIA2301 wannan na nufin ƙwayoyin barkonon ne da kansu ke karanta baƙuwar ƙwayar.

Tacewa: Fabrairu zuwa Yuni

An ba guntayen hutun kwana 5 a abinci mai sefotaksim kaɗai, sannan aka mayar da su mai kanamaisin 75 da sefotaksim 300, ana sauya faranti duk kwana 14.

Cikin mako 3 koren toho ya fito kai tsaye daga bakin yanka. An ɗebi kaɗan aka gwada: babu shuɗi. Dalilin yana cikin tsarin naman. Bakteriyar tana isa ga ƙwayoyin da ke fuskar rauni, shi kuwa tohon gaggawa yakan taso daga ƙwayoyin da ke ciki, waɗanda ba ta taɓa ba, kuma kaurin ganyen yana kare su daga maganin na ɗan lokaci. Sai aka riƙa yanke wannan tohon farko ana zubarwa, ana rage tsohon ganyen, ana danna bakin yankan ya shiga abincin sosai. Aka maye gurbin BAP da wani sinadarin girma, ziyatin, miligiram 2 da IAA miligiram 0.2, duk da tsadar ziyatin, don fuskar raunin ta fara yin ƙullutu kafin toho.

Mafi yawan guntayen sun yi fari sun mutu. A kan 'yan ƙalilan, ƙullutu kore mai tauri ya ci gaba da girma, kuma daga mako na 9 zuwa na 12 ya fitar da toho. Waɗannan aka kai abincin miƙewa na GA3 da silba naitiret. Bazara ta dawo a daidai wannan lokaci, amma yanzu zafin da ake buƙata digiri 25 zuwa 27 ne, kuma matakin da zafi ke kashewa ya riga ya wuce. An yi asarar jeri ɗaya a Afrilu, lokacin da bakteriya ta sake tasowa a farantan da aka zuba tun mako uku kafin amfani.

Saiwa, tukunya da tabbatarwa: Yuli zuwa Janairu

Karan da ya kai santimita 3 ana yanke shi a dasa a rabin ƙarfin MS da IBA, sinadarin fitar da saiwa, miligiram 1 da kanamaisin 25. Saiwa ta fi ganye jin kanamaisin, don haka duk wanda ya sulale ta tacewar baya a nan yake tonuwa: yana tsaye kore amma ba ya fitar da saiwa. Waɗanda suka yi saiwa cikin mako 3 zuwa 4 aka wanke musu agar tas, aka dasa a haɗin yashi da ƙasar da aka turara, aka kifa musu farar leda. Ana ƙara huda ledar kowace rana har kwana 14. Damshin damina ya sauƙaƙa wannan matakin.

Gwajin PCR, mai gano ko wani guntun DNA yana jikin shuka, an yi shi kan ƙwayoyin gado biyu a tare: nptII, da virG wadda ta bakteriya ce zalla, ba ta shiga shuka. Shukar da ta nuna duka biyun tana ɗauke da ragowar bakteriya ne, sakamakonta ba hujja ba ne. An samu irin wannan, kuma da aka sake gwada sabon ganyenta bayan wata guda, duka alamomin sun ɓace. Wata shukar kuma reshe ɗaya shuɗi, ɗaya babu, wato gauraye ce, ƙwayoyi iri biyu suka gina ta.

Waɗanda suka tsallake duka gwaje-gwajen ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. An rufe furanninsu a ɗakin raga mai kulle, aka tara iri, aka shuka a abinci mai kanamaisin. A zuriyar shuka ɗaya, kusan uku cikin kowane huɗu sun tashi kore da saiwa, na huɗun ya yi fari. Wannan rabon shi ake gani idan T-DNA ya zauna wuri ɗaya kuma yana bin iri.

Hukunci

Bayan shekara biyu, abin da ɗakin ya mallaka shi ne layin shambo mai ƙwayoyin shaida biyu, da hanyar da za a iya maimaitawa. Bai mallaki barkono mai jure bairos ba, kuma babu abin da ya fita daga ɗakin raga. Manoman da suka kawo kuka da tsofaffin dabaru aka taimake su: rufe gadon reno da raga mai ƙananan ido, tumɓuke duk gindin da ya nuna alama da wuri, nome ciyawar gefen gona, da kewaye barkono da layukan masara ko dawa, inda darɓa ke fara sauka ta goge bairos daga bakinta.

Gwajin farko ya faɗi ne kan abubuwa huɗu da za a iya kauce musu: zafin da ba a auna ba, bakteriya mai kauri da aka bari ta daɗe, zobe mai ba da shuɗin ƙarya, da fara shigar da ƙwayar gado alhali ba a san ko irin zai tashi a kwalba ba. Na huɗun ya fi nauyi. Ko da an gyara ukun farko a Maris, ƙwayoyin da suka karɓi T-DNA da sun mutu cikin tohon da ba ya miƙewa. Watanni biyar na damina da aka yi babu bakteriya su ne suka ɗauki aikin. A ganinmu, barin kanamaisin a 75 da zubar da tohon farko sun fi ziyatin tasiri, ko da yake an sauya su a lokaci ɗaya, wanda rauni ne a tsarin gwajin.

Ga ɗakin bincike a Kebbi ko Zamfara da ba shi da tsayayyiyar wuta, awa 48 na zaman bakteriya da ganye a ajiye su tsakanin Disamba da Janairu, a ƙirga sauran matakan daga nan: iri mai tsabta ya kasance a hannu kafin ƙarshen Oktoba, shuka a kwalba mako biyu kafin ranar tsomawa. Mataki na gaba a wannan ɗakin shi ne tantance ainihin bairos ɗin da ke gonakin ta hanyar karanta jerin gadonsa, domin juriyar da ake samu daga rigar bairos ta fi ƙarfi a kan nau'in da aka ɗauko ƙwayar daga gare shi. Gwaji a killataccen fili kuma yana buƙatar sabon izini daga NBMA.